Kafin ka sayi allon LED, auna inda masu kallo za su zauna

Duk wanda ya je neman allon LED, saye ko haya, tambayar da mai kaya zai tare shi da ita ita ce: "P nawa kake so?" Da yawa sai su ce a ba su mai kyau kawai, shi kuma ya nuna musu mafi tsada. Wasu su ce mai sauƙin kuɗi, ranar taro manyan baƙin da ke sahun gaba su wuni suna kallon ɗige-ɗige a fuskar mai jawabi. Dukkansu abu ɗaya suka tsallake: ba su auna wurin ba. Amsar wannan tambaya ba a shago take ba. Tana can zauren da za a kafa allon, ko bakin titin, ko harabar masallacin. Mutumin da ya fi kowa kusa da allon shi ke yanke lambar P. Wanda ya fi kowa nisa shi ke yanke girman allon. In biyun suka saɓa, abin da za a nuna a kai shi ke raba gardama.

Abin da lambar P take nufi

Allon LED ƙananan fitilu ne aka jera layi-layi. Kowane ɗigo yana ɗauke da launi uku, ja da kore da shuɗi, su ne ke gauraya su ba da sauran launuka. Lambar da ke bin harafin P ita ce tazarar da ke tsakanin tsakiyar ɗigo da tsakiyar maƙwabcinsa, a milimita. P10 milimita 10 ke nan, santimita ɗaya cif. P2.5 milimita biyu da rabi. Iya ƙanƙantar lambar, iya matsewar ɗigon, iya laushin hoton. Kamar aikin hula ne: in tana hannunka kana iya ƙirga zaren ɗinkin, in tana kan wani a tsallaken titi zanen kaɗai za ka gani.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne yadda yawan fitilun ke hauhawa. Murabba'in mita ɗaya na P10 ɗigo 10,000 ne. Na P5 ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne, 40,000. Na P2.5 kuwa 160,000. In kana son ka fitar da na kowace lamba, raba 1,000,000 da lambar, abin da ya fito ka sake raba shi da ita. Duk sanda ka rage lambar da rabi, fitilu sun ninku huɗu, ƙananan na'urorin da ke kunna su sun ƙaru, wuraren da ka iya lalacewa ma sun ƙaru. Ba lalle kuɗin ya ninku huɗu ba, amma yana tashi sosai, ga shi kaya ne da akasarinsu daga Shenzhen ta ƙasar Sin ake kawo su, da dala ake biya. Shi ya sa nake ganin sayen ɗigon da babu idon da zai gan shi asara ce tsagwaronta. Wannan kuɗin da a girman allo ko ƙarfin haske aka zuba shi, da kowa ya amfana.

Mataki na farko: je wurin da tef ɗin awo

Kada ka dogara da "ai zauren zai kai mita talatin". Ka je da kanka. Ka tsaya daidai inda fuskar allon za ta kasance, ba jikin bango ba, domin ƙarafan da ke tallafe allon haya sukan ci kusan mita ɗaya ko fiye a baya. Daga nan ka auna zuwa kujerar farko, ka rubuta. Ka auna zuwa ta ƙarshe, ka rubuta.

Sai ka tambayi kanka wane ne na kusa na gaskiya, ba na kan takarda ba. A wurin biki amarya da ango suna kan dandamali, allon yana bayansu, ba kallonsa suke yi ba, don haka ba da su za ka yi lissafi ba. Masu liƙi ma wucewa suke yi. Teburin iyaye da manyan baƙi shi ne abin lura, su ne za su zauna awanni idonsu na kan allon. A masallaci kuwa, inda ake zama a ƙasa, mutane kan matso har gindin allon, sai ko in an kange da igiya ko an ɗaga shi sama.

In allon a sama yake, nisan da ido ke yi ya fi wanda ƙafa ke takawa. Wanda ya tsaya mita 6 daga gindin ƙarfen allon talla, tsakiyar allon kuma ta ɗara idonsa da mita 8, mita 10 ne tsakaninsa da hoton. Wannan na ƙarshe shi ake amfani da shi.

Kafin ka bar wurin ka auna tsayin silin. Ka kuma tsayar da inda ƙasan allon zai fara. In zaune mutane suke a kujeru, ya kai kamar mita 1.2 daga ƙasa don kada kawunan na gaba su tare na baya. In a tsaye suke, mita 2 ko fiye. Abin da ya rage tsakanin nan da silin shi ne iyakar tsayin allon da za ka iya kafawa, ko da lissafi ya ce fiye.

Mataki na biyu: na kusa ya ba ka lambar P

Masu wannan sana'a suna da ƙa'idoji uku da za ka ji suna ambata. Ba saɓa wa juna suke yi ba, kowacce tambaya daban take amsawa.

Ta farko ita ce wadda kowane mai haya ya haddace: lambar P ita ce mafi ƙarancin nisa a mita. P4 daga mita 4, P10 daga mita 10. Gaskiya ce, amma ka san iyakarta. A wannan nisan launukan sun haɗu, hoton ya zama hoto, ba wai ɗigon ya ɓace ba. Mai lafiyar ido zai ci gaba da ganin tsakuwa-tsakuwa a fuskar mutum da gefen haruffa. Iyakar ƙasa ce, ba wurin zama mai daɗi ba.

Ta biyu daga aikin likitocin ido ta samo asali. Allon haruffan nan da ake gwada ido da shi a asibiti, likitan ƙasar Holan Herman Snellen ne ya fito da shi a 1862, kuma an gina shi a kan cewa lafiyayyen ido, wanda ake rubuta wa 6/6, yana iya rarrabe abin da faɗinsa ya kai kashi ɗaya cikin 60 na digiri. In aka juya wannan zuwa nisa, abu mai faɗin milimita ɗaya yana daina rarrabuwa a wajen mita 3.44. Don haka ninka lambar P da 3.44, ka sami nisan da ɗigon ke ɓacewa ɗungurungum. P2.5 a mita 8.6, P3.91 a mita 13.4, P10 a mita 34. Amurkawa kan taƙaita ta su ce a ninka da 10 a sami nisan a ƙafa, kusan abu ɗaya ne.

Ta uku tsaka-tsaki ce, kuma ita nake ba da shawarar a yi aiki da ita a yawancin wurare: nisan sahun farko ya kai kamar ninki biyu na lambar P. Wato ka raba nisan da biyu. Sahun farko yana mita 6, nemi abin da ke kusa da P3. Yana mita 8, P3.91 ya wadatar. Yana mita 20, P10 ba laifi. A wannan nisan wanda ya ƙura ido da niyya zai iya hango ɗigon, amma wanda ya zo kallo ba zai damu ba.

Wacce za ka bi? Ya danganta da abin da za a nuna da kuma tsawon zaman. Bidiyo mai motsi yana ɓoye ɗigo, ido na bin motsin ne. Allon da aka sa don ado a bayan mawaƙi ko amarya zai iya sauka kusa da ƙa'idar farko, babu wanda zai yi ƙorafi. Rubutu a tsaye, jadawalin lissafi, taswira, zanen gini, waɗannan su ke tona asirin allo, ga su kuma ana daɗewa ana kallonsu. A nan ka matsa zuwa ninki uku. Kuma ka tuna 3.44 ɗin nan na mai kaifin ido ne. A taron da ya tara dattawa da masu tabarau, ba kowa ne yake gani haka ba.

Juya lissafin ma yana da amfani. Raba kowane nisa da 3.44, ka ga mafi ƙanƙantar abin da ido zai rarrabe daga can. Mutumin da ke mita 24 ba ya rarrabe abin da ya gaza milimita 7. A wurinsa P2.6 da P6 duk ɗaya ne. Tsadar da za ka biya ta ƙaramin P, sahu biyu ko uku na gaba kaɗai kake biya wa. Wani lokaci ja da kujerun gaba baya da mita biyu ya fi sauƙi.

Mataki na uku: na nesa ya ba ka girman allon

Ga kuskuren da ya fi yawa. Mutum ya ji na baya suna cewa ba sa ganin rubutu, sai ya ɗauka allon ne ba shi da laushi, ya je ya nemo mai ƙaramin P. Matsalar na baya ba ɗigo ba ce, ƙanƙantar allon ce ko ta haruffan.

Tsohuwar ƙa'idar masu haɗa kayan kallo ita ce ta 4 da 6 da 8. Nisan na ƙarshe kada ya wuce ninki takwas na tsayin hoton in bidiyo ne da fuskokin mutane, ninki shida in akwai rubutun da za a karanta, ninki huɗu in abin sai an ƙura masa ido an yi nazari. Tsayin allon ake nufi fa, ba faɗinsa ba. Ƙungiyar AVIXA ta Amurka, wadda ke tsara ƙa'idojin wannan fanni, ta fitar da wani ma'auni a 2016 da ya fi wannan zurfi, kuma daga cikinsa akwai lamba ɗaya da ta cancanci haddacewa: 200. Raba nisan na ƙarshe da 200, ka sami tsayin da ƙaramin harafi ya kamata ya kai a jikin allon. Mita 24, santimita 12. Mita 40, santimita 20.

Akwai kuma iyaka ta ɗaya ɓangaren. In allon ya yi tsayi kuma sahun farko ya yi kusa, wuya ce za ta sha wahala. Ma'aunin AVIXA ɗin ya ce kada ɗaga ido zuwa saman hoton ya wuce digiri 30. A sauƙaƙe, auna daga tsayin idon mai zaune zuwa saman allon, ka ninka da 1.7, sahun farko kada ya fi haka kusa.

Mataki na huɗu: mayar da mita zuwa fanel, fanel zuwa ɗigo

Allon LED ba a yanka shi yadda aka ga dama. Fanel-fanel yake zuwa ana harhaɗawa. Na haya kusan duka santimita 50 sau 50 ne, ko 50 sau 100, kuma daga nan ne baƙin lambobin nan suka fito. Fanel mai ɗigo 128 a kowane gefe, in ka raba milimita 500 da 128, shi ne P3.91. Mai 104 shi ne P4.81, mai 168 P2.97, mai 192 P2.6. Allunan dindindin kuwa yawanci da ƙananan faranti masu milimita 320 sau 160 ake gina su, na waje kuma a akwatunan milimita 960 sau 960.

Mu ɗauki zauren da ake biki da lacca a ciki. Sahun farko mita 6, na ƙarshe mita 24. Akasari bidiyo da hotuna za a nuna, don haka 24 a raba da 8, tsayi mita 3. Yawancin bidiyo da kwamfutoci a siffar 16 da 9 suke fitowa, wato faɗi kashi 16, tsayi kashi 9, faɗin da ya dace da tsayin mita 3 shi ne mita 5.33. Fanel ba zai ba ka haka ba, sai dai 5.5 ko 5. Mu ce 5.5: fanel 11 a kwance, 6 a tsaye, 66 ke nan, murabba'in mita 16.5.

Yanzu ninka. Da P4.81 ka sami ɗigo 1,144 sau 624. Da P3.91, 1,408 sau 768. Da P2.97, 1,848 sau 1,008. Da P2.6, 2,112 sau 1,152.

P4.81 ya yi kaushi ga na mita 6, a ajiye shi. Da P3.91 nisan ninki ɗaya da rabi ne na lambar, ya wuce iyakar ƙasa, kuma daga mita 13.4 zuwa baya babu wanda zai bambanta shi da mafi tsada. In biki ya fi yawa a zauren, ni shi zan ɗauka, in ja teburin gaba baya kaɗan. In kuwa jami'o'i da ma'aikatu ne ke yawan kama zauren suna nuna rubutu da jadawali, P2.97 ya dace da ninki biyu daidai, kuma yawan ɗigonsa ya kusa 1,920 sau 1,080 da laftof ke fitarwa, rubutu ba zai rasa kaifinsa sosai ba. P2.6 ya zarce abin da laftof ɗin zai ba shi, sai an buɗa hoton ya cika allon. Ka biya kuɗin ɗigon da babu abin da za a zuba musu.

Wannan batu na 1,920 sau 1,080 yana rikita mutane, domin suna jin an ce allo "cikakken HD ne". Allon LED ba shi da wani adadi nasa na haihuwa, girmansa da lambar P su ke ba shi. Kafin P2.5 ya kai wannan adadin sai ya yi mita 4.8 sau 2.7. P3.91 sai faɗinsa ya kai mita 7.5. P10 sai mita 19.2 sau 10.8. In mai kaya ya ce maka allonsa na mita 4 mai P3.91 "4K ne", wato mai ɗigo 3,840 a kwance, na'urar da ke karɓar hoton yake nufi, allon kansa ɗigo 1,024 ne a kwance.

Yawan ɗigo yana jawo wani kuɗin a ɓoye. A na'urorin sarrafa hoto irin na kamfanin Novastar da ake yawan samu a hannun masu haya, kowace kafar waya ɗaya tana ɗaukar ɗigo wajen 650,000. Allon misalinmu da P3.91 ɗigo miliyan ɗaya da ɗoriya ne, kafa biyu ta isa. Da P2.6 ya haura miliyan 2.4, sai kafa huɗu, ƙila sai babbar na'ura.

Mataki na biyar: gwada lissafin da abin da za ka nuna

Harafin boko yana iya karantuwa da ɗigo bakwai ko takwas a tsaye, irin na allunan sanarwa masu gudu, amma ba kyau gare shi ba. In ana son ya fito sumul, a ba shi ashirin ko fiye. Rubutun Hausa yana buƙatar ɗan ƙari saboda lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, ita ce ke fara narkewa in ɗigon ya yi kaɗan. Larabci da ajami sun fi haka. Allon da za a riƙa nuna ayoyi a kai lokacin tafsiri dole wasulla da ɗige-ɗigen haruffa su fito rarrabe, domin ɗigo ɗaya ne ke raba wani harafi da wani, kuma wasali ƙarami ne ƙwarai a kan jikin harafin. A nan ƙa'idar 200 a kan wasalin ya kamata a yi tunaninta, ba a kan alif ba. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne manyan haruffa da layi kaɗan, aya ɗaya ko rabinta a lokaci guda, maimakon a zuba shafi sukutum.

A zauren misalinmu, harafi mai santimita 12 a kan P3.91 ɗigo 30 ne da ɗan kai. Ya wadata. Abin da zai hana na baya karatu shi ne mai jawabin da ya cusa layi ashirin a shafi ɗaya. Allon mita 3 ba ya ɗaukar fiye da layi takwas zuwa goma in ana son na mita 24 ya karanta.

Inda lissafin ke sauya salo

Allon talla na bakin titi. Nisan ya ba ka damar P8 ko P10, amma ka duba girman. Allon mita 9.6 sau 4.8 da P10 ɗigo 960 sau 480 ne, ya isa ya nuna fuska da kaya da kyau. Ƙaramin allo na mita 3.84 sau 1.92 da P10 ɗin dai ɗigo 384 sau 192 ne kacal, hoton mutum zai fito dishi-dishi ko daga nesa ne. Irin wannan sai P6 ko P5, ba don mutane suna kusa ba, don a sami inda za a zana hoton. Sannan ga gudu. Motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa tana cinye mita 100 cikin daƙiƙa 6. In kana son a fara karantawa daga mita 100, harafi ya kai santimita 50. Lambar wayar Najeriya mai alƙaluma 11 da wannan girman za ta kusa cinye faɗin ƙaramin allon gaba ɗaya. A shataletale ko wurin danja, inda motoci ke tsayawa kuma masu tafiya a ƙafa ke matsowa, nisan ya ragu, lokacin kallo ya ƙaru, ƙaramin P ya fara biyan kuɗinsa.

Ɗakin taron ofis. Na kusa mita 2.5, na nesa mita 8, ana duba jadawalin kuɗi. Nan sai P1.25 ko P1.5. Fanel ɗin wannan ajin da yawa milimita 600 sau 337.5 ne, kuma huɗu sau huɗu na P1.25 yana ba da mita 2.4 sau 1.35, ɗigo 1,920 sau 1,080 cif. Amma kafin ka sa hannu ka tambayi farashin babbar talabijin. Mai inci 98 ta 4K faɗinta wajen mita 2.17 ne, tazarar ɗigonta ba ta kai milimita 0.6 ba, kuma galibi ta fi araha nesa ba kusa ba. In ɗakin bai buƙaci abin da ya fi wannan girma ba, ban ga dalilin LED ba.

Babban fili, irin na wa'azi ko gangamin siyasa. Jama'a sun kai mita 100 daga dandamali, lissafi zai ce allo mai tsayin mita 12.5. Ba a cika samun wannan ba, iska ma ba za ta bar shi ya zauna lafiya ba. A maimakon haka a kafa alluna masu tsayin mita 3 a rarrabe, kowane ya ɗauki mutanen mita 25 da ke gabansa, a ɗaga su sama a kange gindinsu. P3.91 ko P4.81 na waje ya ishe su.

In za a ɗauki allon a kyamara

Kyamara ba ido ba ce, kuma a yau kusan kowane taro ana haska shi a Facebook ko YouTube. Abu biyu ke ɓata hoto. Na farko baƙaƙen layuka masu gudu ko ƙyaftawa, wanda ke zuwa daga saurin sabunta hoton allon. Masu araha 1,920 Hz suke, wato sau 1,920 a daƙiƙa, waɗanda suka dace da kyamara 3,840 Hz ko fiye. Wannan ba ruwansa da lambar P, sai ka tambaya daban. Na biyu wani zane mai kama da igiyar ruwa da ke bayyana in jerin ɗigon allon ya ci karo da jerin ɗigon kyamarar. Ƙaramin P yana rage shi, amma maganin da ya fi sauƙi shi ne a bar mita biyu ko uku tsakanin mai jawabi da allon, mai ɗaukar hoto ya saita kyamararsa a kan mutumin, allon ya ɗan dushe a baya. In allon na situdiyo ne, kyamarar ita ce mai kallo na kusa, da nisanta da zuƙowarta za ka yi lissafi.

Haske, ƙura da wuta

Allon da lambar P ɗinsa ta dace amma rana ta wanke shi bai yi amfani ba. Ana auna ƙarfin haske da nit. Na cikin ɗaki tsakanin 600 da 1,200 ya wadatar, sau da yawa ma sai an rage don kada ya kashe ido. Na waje da rana ke duka yana buƙatar 5,000 ko fiye, musamman wanda ya fuskanci gabas ko yamma. Kada ka yarda a fito maka da na ɗaki a kafa a fili da azahar wai don P ɗinsa ƙarami ne. Na waje kuma ya kasance mai lambar kariya IP65, wanda ƙura ba ta shiga, feshin ruwa bai dame shi ba. Ƙurar hunturu da ruwan damina duka za su gwada shi. Wajen janareta, duba iyakar wutar da takardar allon ta ce murabba'in mita ɗaya yana ja, ka ninka da yawan murabba'in mitar allon, ka yi shiri a kan wannan, ba a kan matsakaicin da mai kaya zai faɗa maka ba. Farin hoto ya cika allon sau ɗaya, wutar ta kai ƙololuwa.

Mataki na ƙarshe: gani ya kori ji

Ka ce mai kaya ya haɗa maka fanel huɗu ko shida ya kunna. Ka je da tef ɗinka da filashin da ke ɗauke da ainihin abin da za ka nuna, ba bidiyon furanni da kifaye da suke tallata kaya da shi ba. Ka auna nisan sahun farko a ƙasa, ka tsaya nan, in da hali ka zauna. Duba fuskar mutum, duba gefen haruffa, duba mafi ƙanƙantar rubutunka. Ka ce a rage hasken zuwa yadda za a yi amfani da shi da dare, domin a nan ne wasu alluna ke rasa duhu-duhun launi, baƙar fata ta koma faci-faci. Ka ce a sa fari zalla ka ga ko wani fanel ya fi wani ja ko shuɗi. Ɗaga wayarka ka ɗauki bidiyo, ka ga ko layuka suna gudu. Sannan ka taka gefe, inda kujerun lungu za su kasance, ka ga ko launin ya sauya.

Ka tabbatar lambar da aka faɗa maka ita ce a jikin kayan. Ɗora rula a fuskar fanel a hankali ka ƙirga ɗigon da ke cikin santimita 10. P3.91 zai ba ka 25 ko 26, P4.81 wajen 21, P2.97 wajen 34. Ko ka ce a nuna maka a kwamfutar da ke sarrafa allon, za ka ga 128 ko 104 ko 168 a rubuce.

In saye ne, a rubuta a takardar ciniki lambar P, yawan ɗigo a kwance da a tsaye, nit, saurin sabunta hoto da lambar kariya. Ka sayi faranti na ajiya tare da allon, daga ƙira ɗaya, ko da kashi uku zuwa biyar cikin ɗari ne, domin wanda za ka sayo bayan shekara launinsa ba zai zo ɗaya da na jikin allon ba, facin zai riƙa fitowa. Shi kuma mai tsara maka hotuna da bidiyo, ka ba shi ainihin adadin ɗigon, in 1,408 sau 768 ne ya yi aikinsa a kan haka, don kada na'ura ta matse ko ta ja fuskokin mutane ranar taro.